Jar Motar da Aka Tsallake Ranar Rabon Gado

Na san abin da ɗiyan Yaya Sha'aibu suke faɗa a kaina, kuma na san wasunku sun ji har sun fara gaskatawa. Suna cewa baƙin ciki ne ya sa na wargaza motar kakanku da hannuna, don kada kowa ya ci moriyarta. Ba zan tsaya musu da yaran da na ci naman sunansu ba. Ku dai da kuka fito daga jikina ina so ku ji yadda abin ya faru daga bakin wanda ya riƙe sifana. Uwarku Rabi ta sha gaya muku ni mutum ne mai zargi, wanda ko ruwa aka miƙa masa sai ya leƙa gindin moɗa. Gaskiyarta. Amma a shekarar da zan ba ku labarinta, duk abin da na zarga sai da na same shi a inda na zarge shi.

Kakanku direba ne na wani Bature da ya yi aikin gandun daji a ƙasar nan. Baturen yana da motar aiki, yana kuma da ta shan iska, wata 'yar ja gajeruwa mai ƙofa biyu da kujera biyu, rufinta na tamfol da ake naɗewa baya, cikinta kusan yana shafar ƙasa. Don gudu a kan kwalta aka yi ta, ba don yashin Madarumfa ba. Injinta ya ƙone gab da lokacin da mutumin zai koma ƙasarsu, sai ya bar wa Baba ita a matsayin sallama. Aka turo ta gidanmu, aka ɗora ta a kan duwatsu kusa da rumbu, ta zauna. Kowace shekara Baba cewa yake zai gyara ta idan an cire amfanin gona, damina kuwa ta yi ta zuwa tana wucewa. A gefenta muka girma. Awaki suka cinye tamfol ɗin, rana ta cinye tayoyin, Inna ta mai da murfin injin wurin shanya kuɓewa. Ni kaɗai a gidan nake kallonta a matsayin mota, kuma ina jin ita ce ta kai ni garaji a Maraɗi na koyi kanikanci, kafin in dawo gida in kama gyaran babura da injinan ban-ruwa na masu lambu a bakin tabki.

Da Baba ya rasu, bayan sadakar arba'in, aka zauna rabon gado a zauren gida. Mu huɗu ne magada: Inna, da Yaya Sha'aibu wanda shi ne babba, da ni, da ƙanwarmu Dije da ke aure a Gabi. Liman na unguwarmu ne ya yi rabon. Aka lissafa gonaki, da shanun huɗa, da abin da ke cikin rumbu, da gida. Can sai Liman ya ɗaga kai ya hangi motar ta ƙofar zaure.

"To, wagga mota hwa? Ita ma dukiya ce."

"Allah gafarta Malam, wagga gawa?" in ji Yaya. "Wa zai ɗauki gawar da ta hi shekara talatin ba a yi mata sallah ba?"

"Ni ina so," na ce.

Zauren ya ɗauki dariya. Dije ta yi dariya har da riƙe ciki, Liman kansa sai da ya rufe baki da gefen rawani. Kafin dariyar ta lafa wani ya ta da maganar iyakar gonar fadama, aka koma can, aka yi ta cacar baki har la'asar. Nan aka bar zancen mota. A wurinmu idan ka nemi abu a gaban manya aka yi dariya ba a hana ka ba, kai dai ka ɗauka an ba ka. Haka na ɗauka, haka kuma duk wanda ke zauren ya ɗauka a ranar. Amma babu wanda ya buɗe baki ya ce ya bar mini rabonsa, kuma Liman bai sa ta a kason kowa ba. Ni da nake duba gindin moɗa, ranar ban duba ba.

Da shanu na ja ta zuwa gidana, yara suna biye da mu suna ihu. Na yi mata rumfa a bayan ɗaki, na fara kwance ta. Abin da na tarar ya isa ya sa mai hankali ya haƙura. Ƙasan ya ruɓe har kana iya zura hannu, wayoyin wuta ɓeraye sun yi gida da su, injin kuwa ya daskare ya tsage, babu mai tashinsa. Ban haƙura ba. Duk ranar da aikin lambu ya yi sauƙi, ina ƙarƙashinta. Kayan irinta babu su a Maraɗi, don haka na koyi wata al'ada: in naɗe mataccen ƙarfen a tsumma in sa a aljihu, in shiga kasuwannin Jibiya da Katsina ina gwadawa. Ban taɓa yarda da mai kaya idan ya ce mini irinsa ne sak ba. Zare nake fitarwa in auna a gabansa, ya ji haushi ko kada ya ji. Injin a Kano na same shi, a ƙarƙashin tarin tsofaffin ƙarafa, wurin wani dattijo da bai ma san na mece ce ba. Da na iso da shi Ɗan Issa a kan iyaka, 'yan duwan masu binciken kaya suka yi ta kewaya shi suna tambayata ko na jirgin ruwa ne. Mai walda ya yi mini sabon ƙasa, baduku ya ɗinka kujerun da fatar jar akuya irin tamu, fenti kuwa ni na shafa da kaina, na kankare, na sake shafawa har ya yi mini. Abu ɗaya da ban taɓa yi ba shi ne zubar da abin da na cire. Tsohon injin, da ruɓaɓɓun kujeru, da ƙusoshin da tsatsa ta cinye, duk na tara su a ɗakin ajiya, don ban san ranar da wani zai tambaye ni su ba.

Shekaru suka tafi a haka. Wasunku a lokacin aka haife ku, kuka yi rarrafe, kuka shiga lakwal, wato makarantar boko, motar tana nan. Gari ya mai da ni abin nishaɗi. Uwarku ma ba ta bar ni ba.

"Maigida, in ka ƙare da ita ka dubi kwanon ɗakin nan. Shi ma tsoho ne, kuma shi ma ja ne, tsatsa ta yi mashi henti."

Yaya Sha'aibu kuwa, wanda a lokacin yake fataucin wake da gyaɗa zuwa Najeriya, idan hanya ta biyo da shi sai ya tsaya daga bakin ƙofa, ba ya ko shigowa.

"Haruna, har yanzu gawar taka ba ta tashi ba?"

Ku riƙe wannan kalmar. Taka ya ce, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, a gaban maƙwabta.

A kakar wata shekara, bayan an gama ɗaurin gero, ta tashi. Na murɗa makulli ta yi tari, ta yi shiru, na sake murɗawa sai ta kama da wata irin ƙara mai kauri da ban taɓa ji daga wani inji ba. Na zauna a kujerar ina jin ta tana rawa a ƙarƙashina, hawaye suna zubo mini, ban kuma ji kunyar uwarku da ke tsaye tana kallona ba. Washegari da hantsi na fito da ita. Sai da maƙwabta suka tura ni a yashin lungunmu, amma da ta hau kwalta ta nuna abin da aka yi ta dominsa. Na kai bakin tabki na tsaya. Masunta suka bar koma, masu lambu suka bar tiyo yana zuba, samari suka kewaye ta kowa da wayarsa yana ɗaukar hoto. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan safiya ba, kuma ita ce kaɗai fitar da na yi da ita.

Ba a yi mako biyu ba sai ga Yaya da sallama, har tsakar gida, riƙe da manyan tarwaɗa guda biyu. Tun da nake da shi bai taɓa kawo mini ko ƙwayar goro ba. Ya zauna a tabarma, ya tambayi lafiyar yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, har da wanda ya manta an haifa. Sannan ya tashi ya kewaya rumfar, hannu a baya.

"Kai, ƙanena, Allah Ya yi ma albarka. Ka raya motar Baba."

Da ya fita na tsaya ina kallon kifin. Uwarku ta ce in bar ta ta gyara kafin ya lalace.

"Kin ji mi ya ce? Motar Baba."

"To ta wa ce da? Maigida, ɗan'uwanka ya kawo ma kihi. Ka ci, ka yi godiya, ka bar tonon abin da babu."

Na ci, amma bai yi mini daɗi ba. Zuwa na biyu da rake ya zo, ya kuma ce motarmu. Zuwa na uku ya zo da baƙo, wani mai farar shadda da agogo mai nauyi, ya ce abokinsa ne daga Ɗan Issa, hanya ce ta biyo da shi ya ce bari ya gaishe ni. Na sa aka kawo shayi. Mutumin da ya zo gaisuwa bai dubi fuskata sau biyu ba. Ya bar shayin ya huce, ya tattare shaddarsa ya durƙusa a ƙasa yana leƙen ƙarƙashin mota. Ya buɗe murfin inji ba tare da ya tambaye ni ba, ya kankare wata lamba da ke jikin ƙarfen da farcensa, ya ɗauke ta hoto. Na san masu sha'awar mota, na ga irinsu a bakin tabki, fenti suke shafawa su zauna a kujera su riƙe sitiyari. Wannan irin duban da ake yi wa sa ne a kasuwar dabbobi.

Bayan kwana kaɗan Dije ta kira ni a waya, muryarta cike da murna.

"Yaya Haruna, da gaske ne motar Baba za ta kai Inna Makka?"

"Wa ya hwaɗa maki haka?"

Ta ce wai ta ji ne kawai, ta koma tambayar lafiyar Rabi.

Ranar kasuwa na hau babur na tafi Ɗan Issa, na zauna a bencin wani ɗan canji da muka yi garaji tare muna samari. Ban tambaye shi kai tsaye ba. Na kwatanta farar shadda da agogo, na bar shi ya yi sauran. Ya ce ai wannan dillali ne, yana yi wa wani Alhaji na Maraɗi aiki, shi kuma Alhajin tsofaffin motocin Turawa yake tarawa yana turawa bakin teku, inda ake sayensu da tsadar da ba ta shiga hankali. Hoton da samari suka ɗauka ne ya yi yawo har ya kai gare shi. Ya ce dillalin yana ta faɗa a tasha cewa ya gama magana da babban ɗan gidan, har ya ba da kafin alƙalami. Abokina ya ɗauka na sani, har yana yi mini barka. Na amsa barkar, na hau babur, amma ban san yadda na iso gida ba. Abin da ya fi ƙona mini rai ba cinikin ba ne, kifin ne. Da Yaya ya zo ya ce mini ga abin da ake ciki, da mun yi faɗa irin na 'yan'uwa mun gama. Shi kuwa sai ya zauna a tabarmata yana kiran sunayen ɗiyana alhali kuɗin mutane suna aljihunsa.

Na same shi a ƙofar gidan Baba, inda yake zaune da iyalinsa da Inna.

"Yaya, ka sai da motata?"

Bai ko girgiza ba. Da alama ya daɗe da shirya amsar.

"Motarka? Wa ya ba ka? A gaban wa? Ni dai na san Baba ya mutu ya bar mota, kuma ban ji ranar da anka raba ta ba."

"Shekara nawa kana wucewa kana ce mani gawar taka?"

"Wasa ne tsakanin wa da ƙane. Ana raba gado da wasa?"

Ya ce ba don kansa yake yi ba, so yake a biya wa Inna kujerar Makka tun tana da sauran ƙarfi. Ni kuwa na san a shekarar an riƙe masa kaya a hanya, jarinsa ya karye, yana neman abin da zai tashi da shi. Wataƙila da gaske yana nufin Makkar, wataƙila rabi da rabi, Allah ne Ya san zuciyarsa. Abin da na sani shi ne ya sa sunan Inna a gaba don duk wanda ya ƙi ya zama shi ne ya hana uwarsa aikin hajji.

Aka sake zama a zauren nan, aka ɗauko Liman, wanda a lokacin ya tsufa har sai an riƙe masa hannu. Dije ta zo daga Gabi ta zauna kanta a ƙasa, ba ta yarda mun haɗa ido ba. Liman ya saurari kowa. Ya ce ya tuna ranar, ya tuna na ce ina so, ya tuna an yi dariya, amma ba zai ɗauki alhakin cewa ya ji an bar mini ba. Sai ya juya wajen labulen da Inna ke zaune a bayansa. Ku sani, Yaya ɗan fari ne, Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma taɓa yi masa magana ido da ido a gaban mutane ba. Ni ne nata na hira, ni take aika, ni take yi wa faɗa. Na tabbata a raina za ta tsaya mini.

"Malam, ni tsohuwa ce, kabari nike jira, ba ni yin shaidar abin da ban ji ba. Na ji yaron nan ya ce shina so. Na ji dariya. Ban ji wanda ya ce ya bar mashi ba."

Gaskiya ta faɗa, kuma gaskiyar ta yi mini ciwo fiye da ƙaryar Yaya. Liman ya yanke cewa gangar motar gado ce da ba a raba ba, kowa yana da haƙƙi a ciki. Abin da na sa mata da guminna kuwa nawa ne. Ko dai in biya sauran magada rabonsu a kan farashin da Alhaji ya taya, ko a sayar a fitar mini da abin da na kashe a raba saura. Farashin da aka ambata, ko na sayar da gonata da gidana ba zan kai ba, kuma Yaya ya san haka.

"Ka kawo lissahin abin da ka kashe, ba mu cin haƙƙinka," in ji shi, da murya mai taushi kamar yana yi mini alfarma.

Wane lissafi? Nawa ne kuɗin ranakun da na yi kwance a ƙasa tsatsa tana zuba mini a ido? Na dubi Liman.

"Allah gafarta Malam, ka ce abin da na sa mata nawa ne?"

"Naka ne."

"In na ga dama in ɗauki abina?"

Ina jin ya gane inda na dosa.

"Shari'a ba ta hana ka ba, Haruna. Amma ba duk abin da shari'a ta bari ne zumunci ke ɗauka ba."

Na yi godiya na tashi. Washegari bayan sallar asuba na shiga rumfa da kayan aikina. Na fara da injin, na sauke shi da sarƙa a kan reshen itacen bedi. Na cire kujerun fatar akuya, na zare wayoyin da na shimfiɗa ɗaya bayan ɗaya, na kwance birki da tayoyi da fitilu. Hannuna ya san kowace ƙusa, don haka aikin bai yi wuya ba, abin da ya ɗauki shekaru yana haɗuwa cikin 'yan kwanaki ya rabu. Sannan na buɗe ɗakin ajiya na fito da kayan Baba. Na mai da tsagaggen injin mazauninsa, na jera ruɓaɓɓun kujerun, na zuba tsofaffin ƙusoshi a buhu na ajiye a ciki, don kada a ce na ci gadon marayu ko da ƙwaya ɗaya. A rana ta ƙarshe uwarku ta kawo mini fura ta tarar ina tsaye ina kallon abin da ya rage.

"Hentin ma ai naka ne. In kawo ma wuƙa ka kankare?"

"Na bar masu sadaka."

"Maigida, ka yi gaskiya a kan Yaya, na yarda, ni ce ban gani ba. Amma wanga abu da kake yi, kanka kake yanka don jini ya ɓata mashi riga."

Na riga na ɗauki aron shanu da amalanke.

Da rana tsaka na kai ta, ta tsakiyar gari, don kowa ya gani ya shaida. Ba wanda ya yi dariya a wannan karon. Yaya ya fito daga zaure, dillalin yana bayansa, don a ranar suka shirya zuwa ɗaukarta. Dillalin ya ɗaga murfin inji, ya leƙa, ya sauke shi a hankali. Ya ce Alhaji mota mai tashi ya taya, ba kwanon shanya ba, ya kuma ce wa Yaya yana jiran abin da ya bayar kafin Juma'a. Ya kaɗe shaddarsa ya tafi. Yaya ya tsaya yana kallona.

"Ashe har haka ka tsane ni, Haruna?"

"Ga gadon Baba nan cikakke. A raba."

Ba zan ɓoye muku ba, na ji sanyi a raina da na ga fuskarsa. Na ce da kaina yau wanda ya mai da ni wawa ya gane ba wawa ba ne. Muka sauke ta a kan duwatsu a tsakar gida. Ina kaɗe hannu zan juya sai na ji muryar Inna daga ƙofar ɗakinta.

"Kun gama?"

Ta taso da sandarta, ta zo ta dafa ƙofar motar, ta leƙa ciki ta ga buhun ƙusoshi. Ba ta dubi Yaya ba, ni ta duba, amma da mu biyu take.

"Wancan ya ce Makka, kai ka ce guminka. Ni da ke da tumuni a cikinta, wa ya tambaye ni mi nike so? Makka in Allah Ya kira ni zan tahi, ko da mota ko babu. Ubanku tun ina da ƙuruciya ya ce in ya gyara ta ni zai hwara ɗauka, ya kai ni Gabi in gaida dangina a cikinta, su ga ban yi auren banza ba. Ya mutu bai kai ni ba. Ran da ka hito da ita, daga nan na ji ƙararta ta wuce bisa kwalta. Na shiga na yi wanka, na hiddo zanena na ƙasan adaka na ɗaura, na zauna nan bakin ƙohwa. Na ce yanzu Haruna zai zo ya ce Inna shiga. Nan na yi azahar, nan na yi la'asar."

Na ce mata rufin nake jira in gama, ban so rana ta dake ta a hanya ba. Wallahi gaskiya na faɗa, tamfol ɗin yana wurin tela a ranar. Na ce ta ba ni wata biyu in mai da komai yadda yake.

"A motar wa?" ta ce.

Na dubi Yaya, Yaya ya dubi ƙasa. Kalma ɗaya ake nema daga bakinsa, ya ce ya bar mini, bai faɗa ba. Ni kuma da zan iya cewa na gyara ta a matsayin ta gida, kowa da rabonsa, ban faɗa ba, don na san ranar da ta sake tashi farar shadda za ta dawo. Har gobe ina nan a kan wannan zargin, kuma ban ga abin da zai sa in janye shi ba. Inna ta jira mu har ta gaji da tsayuwa, sannan ta juya ta koma ɗaki.

Damina ta gaba Inna ta rasu. Da aka zo yi mata wanka, Dije ta buɗe adakarta neman abin rufawa, ta fito da zanen a ninke, ta tambaye ni ko na san dalilin da ya sa yake sama alhali kullum a ƙasa Inna take ajiye shi. Na sani, amma na kasa buɗe baki in gaya mata.